Narambaɗa da Faifan da Na Nema a Adakar Kakana

Adakar ta iso Sakkwato ne a bayan motar ɗaukar kaya, tare da turmi da tabarmi da buhun gero biyu, ranar da kakata ta haƙura ta baro ƙauyenmu da ke ƙasar Isa. Ba sai na faɗa muku dalili ba. Duk wanda ke da dangi a gabashin jihar nan ya san abin da ya hana mutane barci a Isa da Sabon Birni a 'yan shekarun nan. Wata takwas adakar na ƙarƙashin gadonta a Mabera, ba wanda ya taɓa ta. Sai ranar da nake neman tsohuwar rediyo da zan farke saboda aikin gwaji da aka ba mu a aji, ta ce in duba kayan Malam, wato marigayi kakana, ko Allah zai sa in dace.

Rediyo dai ban samu ba. Abin da na tarar faya-fayan garmaho ne, guda 23, an naɗe su cikin tsohuwar riga, ga kuma wata na'urar sa faifai mai aiki da lantarki, ƙura ta yi mata bargo. Wasu faya-fayan manya ne marasa nauyi, na roba, kowanne cikin kwalinsa. Wasu kuwa baƙaƙe ƙirin masu nauyi, irin waɗanda in suka kuɓuce maka sai dai ka share da tsintsiya. Akwai na Alhaji Mamman Shata da tambarin EMI, akwai na I. K. Dairo da tambarin Decca, akwai na finafinan Indiya har biyar. Kwali ɗaya babu komai ciki. Da na tambaya, sai tsohuwa ta tuntsire da dariya, ta ce wannan ai ita ta ɗauke shi tun Malam na da rai, ta riƙa rufe ƙwaryar fura da shi har rana ta lanƙwasa shi. A ganinta ba ta yi laifi ba, tunda dai sunansa faifai. Kuma gaskiyarta. Da Bahaushe ya fara ganin abin, bai ga ya yi kama da komai ba sai faifan da mata ke saƙawa da kaba su rufe abinci, sunan ya bi shi har yau.

Ni kuwa abu ɗaya nake nema. Kakana mutum ne da in rediyo ta sako Ibrahim Narambaɗa yakan ajiye lomar da ke hannunsa, kuma ba yaron da ya isa ya yi tari a gidan sai an gama. Na tabbata in akwai faifai ɗaya da zai adana, to na Narambaɗa ne. Na duba ɗaya bayan ɗaya, na juya kowanne gaba da baya, na sake dubawa. Babu. Wannan rashi shi ya tura ni ɗakin karatu, ya kai ni ga littafin da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta a kansa a 2009, da rubuce-rubucen Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kan makaɗan Hausa, ya kuma zaunar da ni gaban tsofaffin da a da ko gaisuwa a tsaitsaye nake yi musu.

A Tubali aka haife shi, wani gari a ƙasar Shinkafi. A wancan zamani duk Lardin Sakkwato ne, sai a 1996 da aka yanke Zamfara Tubali ta faɗa can, Isa ta tsaya nan wajenmu. Ku lura, makarantar nan da muke ciki sunan ɗan wannan yanki take ɗauke da shi, Marafan Sakkwato Umaru Ali Shinkafi, saboda haka ba labarin baƙo nake ba ku ba. Shekarar haihuwarsa wasu littattafai sun ce 1875, wasu sun ce 1890. Ko wacce ka ɗauka, an haife shi kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903, ya yi ƙuruciyarsa a lokacin da Daular Usmaniyya ke tsaye da ƙafarta, ya kuma rayu har ya ga an sauke tutar Ingila a 1960. Mutum ɗaya, zamani uku.

Mahaifinsa, Maidangwale, asalinsa mutumin Filinge ne, can cikin ƙasar Nijar, kuma ɗan kokawa ne. Mahaifiyarsa Riba 'yar Badarawa ce, daga gidan da aka san kiɗa. Yaron ya fara bin sawun uba: ya shiga fagen kokawa, ya yi suna a cikinta tun kafin a san shi da waƙa. Ni wannan ya fi komai burge ni, domin in ka saurari waƙoƙinsa da kyau za ka ji ɗan kokawar bai mutu ba. Yadda yake zagaya magana, ya yi kamar ya saki, ya ja da baya, can sai ya kama ta inda ba ka zata ba ya kayar, ai wannan dabarar fage ce. Kotson kuwa ta wajen uwa ya zo masa, daga kakansa.

Sunan da duniya ta san shi da shi ma ba na yanka ba ne. Yana da wata karya da yake ji da ita, sunanta Rambaɗa, sai mutane suka riƙa ce masa na Rambaɗa, har ya zama Narambaɗa. Ranar da na karanta haka na koma gida na fiddo faya-fayan Indiya na kakana, domin a tsakiyarsu akwai hoton wani kare zaune ya kara kunne a bakin ƙahon garmaho. Tambarin kamfanin HMV ke nan, wani mai zane a Ingila ya zana shi a ƙarshen ƙarni na 19, karen kuma sunansa Nipper. Na zauna ina kallon hoton ina dariya ni kaɗai. Karen Bature ya shiga miliyoyin gidaje a kan faifai, karyar Tubali kuwa ta shiga bakin duk Bahaushe ba tare da ya san sunan karya yake kira ba.

Bai faɗa fada kai tsaye ba. Da kiɗan noma ya fara, irin wanda ake yi wa manoma ranar gayya, makaɗi na biye da su kunya-kunya yana zuga wanda ya yi gaba, yana yi wa rago habaici. Makaranta ce mai wuya. Ba wanda zai yi maka kara a gona. In waƙarka ba ta sa hannu ya ƙara sauri a kan kwashe ba, to ba ka yi komai ba, kuma za ka gani da idonka nan take. Yawancin manyan makaɗan fada na ƙasar nan ta wannan ƙofa suka shigo. Gidan su Musa Ɗanƙwairo na Maradun ma da kiɗan noma aka san su tun daga mahaifinsu. Daga gona Narambaɗa ya matsa zuwa ƙofar masu sarauta, har ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Wanda ya fi daɗewa tare da shi, wanda kuma sunansu ya haɗu har abada, shi ne Sarkin Gobir Ahmadu, da ya hau a 1935 ya yi shekara 40 yana sarauta, jinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

A nan sai in ɗan tsaya, domin da yawa cikinmu mun taso muna jin kotso a waya ba mu taɓa ganinsa ba. Ganga ce mai siririn tsakiya kamar kalangu, amma baki ɗaya aka rufe mata da fata, ɗayan a buɗe yake. Ana liƙa ɗan danƙo a tsakiyar fatar don ya ba ta amo mai zurfi. Da hannu ake kaɗa ta, ba da makaɗi ba, ana rataye da ita a kafaɗa, ana matsa tsirkiyoyinta a hammata ana saki don murya ta hau ko ta sauka. Kiɗan sarauta ne, ba a yi wa kowa. Kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Akwai jagora, shi ke ɗauko magana; akwai 'yan amshi da ke karɓa su ƙarasa, su koma kan gindin waƙa; akwai sanƙira da ke tsoma baki yana fayyace wanda ake nufi. Waƙar tana da gindi guda, sannan ɗiya masu yawa, jagora na iya ƙara ɗa ko ya rage gwargwadon wanda ya shigo fada a ranar da abin da ya faru a gari a makon. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ba shi kaɗai ne gwani a zamaninsa ba. Salihu Jankiɗi na nan birnin Sakkwato yana yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku taushi. Aliyu Ɗandawo na can wajen Argungu da Yawuri. Su Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru na tasowa a bayansu. To me ya sa in an yi maganar Narambaɗa sai malaman Hausa su gyara zama? Ni ba malami ba ne, wayoyin lantarki nake karanta, amma ga abin da kunnena ya ba ni. Shi ba ya tsayawa ga cewa sarki jarumi ne, sarki mai kyauta ne, kamar yadda kowane maroƙi zai iya. Yakan ɗauko abin da kowa ya sani, kogi ko dawa ko dabba ko hadari, ya aza shi kusa da halin mutum, sai ka ga wani abu da ba ka taɓa lura da shi ba game da mulki, ko haƙuri, ko hassada, ko ƙarewar duniya. Yabon ubangidansa yake, amma a cikin yabon akwai nasiha da ba wani bafade da zai iya faɗa wa sarki ido da ido. Sannan ga zambo. Wanda duk ya ja da Sarkin Gobir, musamman 'yan uwa masu hangen gadon sarauta, zai ji an siffanta shi ba a kama suna ba, amma duk fada ta san da wa ake. Kakata ta ce a lokacinsu mutum ya gwammace a ci shi tara da a sa shi cikin ɗan waƙa guda, domin tara ana biya a manta.

Waƙarsa da ta fi shahara ita ce Bakandamiya, inda ya haɗa yabon Sarkin Gobir da kirarin kansa, yana auna gwanintarsa ta waƙa da ma'aunin ilimin malamai. Shata ma ya yi tasa Bakandamiyar daga baya, kuma har gobe a ɗakunan kwananmu ana musu kan wacce ta fi. Ni dai kun san inda na karkata. Akwai kuma Dokin Iska Ɗanfilinge, waƙar da ya yi wa doki sukutum, wadda in ka rufe ido kana saurare za ka rantse ƙura na shiga maka hanci. Ga Hausar kuma tsantsar ta yamma, irin tamu ta munka da sunka da wanga da wagga, wadda wasu abokanmu 'yan Kano ke cewa sai an yi musu fassara. Wallahi ko mu 'yan gida, akwai kalmomin da sai mun kai wa tsofaffi.

Yanzu mu koma ga tambayar da ta fito da ni: ina faifan?

Garmaho da Narambaɗa kusan sa'o'in juna ne. Emile Berliner ya yi rajistar ƙirƙirarsa a Amurka a 1887. Aikinsa ba wani sihiri: an zana sauti a jikin faifai a siffar siririn layi mai lanƙwashe-lanƙwashe da ya nannaɗe daga gefe zuwa tsakiya, allura na bin layin tana karkarwa, karkarwar na kaɗa wata 'yar fata ta ƙarfe, ƙaho ya ƙara mata ƙarfi. Ba batir, ba NEPA, hannu kawai za ka juya ka wana shi. Faya-fayan farko, waɗannan baƙaƙe masu nauyi, suna juyi 78 a minti ɗaya, kuma kowane gefe bai ɗaukar fiye da kamar minti uku. Sai a 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifan roba mai juyi 33 da sulusi, wanda gefensa ɗaya ke cin minti ashirin da 'yan kai, a 1949 kuma RCA ya kawo ƙaramin mai juyi 45.

To ku auna minti uku da waƙar fada. Kafin 'yan amshi su zaunar da gindin waƙa, jagora ya gaida sarki, ya jero kakanninsa, allura ta kai tsakiya. Waƙar da aka gina don ta miƙe ta taƙaita gwargwadon zaman fada, wadda ta yau ba ta zama daidai da ta jiya, ba ta dace da abin da ke son a yanka masa magana daidai wa daida ba. Ga kuma maganar kasuwa. Kamfanonin faifai irin su Decca da EMI da Philips a Legas suka kafa sansani, abin da mutanen birni za su saya su taka rawa shi suke bi. Makaɗin fada kuwa ba ya rayuwa da ciniki. Ladarsa doki ce, da riga, da damman hatsi, da gona, da alfarmar da ubangida ke yi masa. Masu saurarensa suna gabansa, ya san su sun san shi. Shata, wanda ya zo bayansa da shekaru masu yawa, ya yi wa direba da ɗan kasuwa da ma'aikaci waƙa, ya zagaya birane, ya riski zamanin babban faifai da ƙarfinsa. Shi ya sa yake cikin adakar kakana har sau huɗu. Lokacin da babban faifai ya fara yawa a ƙasar nan, Narambaɗa ya riga ya tsufa. Wani Ba'amurke mai bincike, David Ames, ya naɗi kiɗe-kiɗen Hausa a Zariya da kewayenta a farkon shekarun 1960, aka buga su a manyan faya-fayai biyu a Jamus cikin jerin da UNESCO ta ɗauki nauyi. Irin wannan aiki ya zo ne daidai lokacin da rana ke faɗuwa wa tsohon na Tubali.

Ya rasu a 1963, kamar yadda aka fi ambata. Allah Ya jiƙansa. A wannan shekara kuma, a wani baje koli a Balin, kamfanin Philips ya nuna wa duniya kaset karo na farko. Kun ga yadda abin ya zo. Muryar da kakana ke ajiye loma dominta ta rediyo ta riƙa iso masa, daga Kaduna, daga baya kuma daga Rima. Da kaset ya cika kasuwa, masu shagon naɗi suka kwafa, wani ya kwafa daga wanda ya kwafa, kowane kwafi na ƙara shuu yana rage murya. Daga kaset aka juye a faifan CD, daga nan zuwa memori, yau ga shi muna tura wa juna ta Xender da WhatsApp. A wayata akwai waƙoƙinsa 14. Uku ba su da suna sai lamba. Ɗaya an rubuta Ɗanƙwairo a kanta, alhali ko kurma ya san ba shi ba ne. Biyu an yanke musu kai, sun fara daga tsakiyar ɗa. Ɗaya kuma wani mai shago ya cusa tallar lambar wayarsa a ciki, daidai inda maganar ta fi daɗi. Allah Ya shirye shi.

Sai da na ga haka na gane abin da masu tara faifai ke nema. Da can ina yi musu kallon masu kuɗin da suka rasa abin yi. Ɗauki faifan Shata ɗaya daga adakar nan: ga sunan mawaƙi, ga sunan kowace waƙa, ga kamfani, ga lambar faifai, ga hoton mutumin a jikin kwali da hularsa. A bayan kwalin kakana ya rubuta da ajami inda ya saya da wanda ya raka shi. Ba mai iya goge wannan da yatsa, ba mai canza masa suna cikin dare. Faifai na tafe da shaidarsa a jikinsa. Sannan yana tilasta maka ladabi. Sai ka wanke hannu, ka riƙe shi ta gefe, ka share ƙura, ka aza allura a hankali, ka zauna. Ba tsallakewa zuwa ta gaba bayan daƙiƙa goma kamar yadda muke yi a waya muna tafe muna hira. Minti ashirin ɗin nan nasa ne. Kusan irin zaman da ake yi a fada ke nan, in aka ɗauke doki da algaita.

Ba mu kaɗai wannan abu ya taɓa ba. A Amurka, inda kowa ke da intanet a aljihu, an sayar da faifan roba kusan miliyan 41 a 2022, CD kuwa miliyan 33, karo na farko tun 1987 da faifai ya wuce. Kamfanoni a Turai irin su Soundway da Strut da Analog Africa sun shekara da shekaru suna tono tsofaffin faya-fayan Najeriya da maƙwabtanta suna sake bugawa. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne wani ƙaramin kamfani a Amurka, Sahel Sounds. Mai shi ya tattara waƙoƙin da matasa ke tura wa juna ta Bluetooth a arewacin Mali, ya nemo mawaƙan, ya buga su a faifan roba a 2011. A 2013 kuma ya fitar da faifan waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So. Wato mu muna gudu daga faifai zuwa memori, su suna kwashe abin da ke memorinmu suna mayarwa faifai, su sa masa suna da shekara da hoto, su sayar da dala. Ban ce sun yi laifi ba. Abin da muka yar ne suka tsinta.

Amma kar in yi muku ƙarya don ina son abin. Tara faifai ba sana'ar ɗalibin da ke lissafin kuɗin garin kwaki ba ce. Yana da nauyi, yana cin wuri, allurarsa sai an yi odar ta daga nesa. Zafin Sakkwato na watan Afrilu, da ke haura digiri 40, maƙiyinsa ne. Ka bar shi a mota awa biyu ka dawo ka tarar ya zama kasko. Ƙurar hunturu kuma na shiga layukansa ta riƙa ci kamar gara. Kuma in za a faɗi gaskiya, wayar nan da nake kushewa ita ta kai Narambaɗa kunnen yaran da ba su taɓa ganin Isa ba. Mutanen da suka gudo daga ƙauyukanmu da dare, waya suka sa a aljihu, ba adaka ba. Tamu ma don tsohuwa ta kafe ne, ta ce ba ta hawa mota sai da kayan Malam. Adaka nawa aka bari a ɗakunan da yanzu ba kowa, nawa 'yan gwangwan suka saya a kilo, wannan sai Allah.

Jami'o'i sun yi nasu ƙoƙarin. An rubuta kundaye a kansa ba adadi, a 2019 ma Jami'ar Bayero ta Kano ta shirya babban taro musamman don nazarin waƙoƙinsa. Sai dai akwai ilimin da ba ya cikin kundi. Waƙoƙin nan cike suke da sunayen mutane: hakimai, dogarai, 'yan kasuwa, barori, masu unguwanni. Waɗanda suka san su waye waɗannan, wa ya haifi wa, me ya haɗa wane da wane har aka yi masa habaici, tsofaffi ne da yau ke zaune a ɗakunan haya a Mabera da Gidan Igwai da Runjin Sambo, nesa da garuruwansu, kuma kullum raguwa suke.

Na'urar kakana dai na tashe ta. Bel ɗinta ya narke ya zama kamar ƙaro, na yanko wani daga tsohon tib na babur, sai a gwaji na huɗu ya zauna. Na canza wasu 'yan kayan ciki da suka bushe, na haɗa ta da lasifikar wani abokina. Ranar da muka fara gwadawa ba wuta, muka tayar da ƙaramin janareto. Injin irin wannan na'ura da bugun wutar yake daidaita gudunsa, 50 a daƙiƙa, janareton kuwa yana hawa yana sauka yadda ya ga dama. Sai ga Shata na waƙa kamar mai maye, can ya yi sama kamar yarinya, can ya yi ƙasa kamar sa. Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye. Da aka kawo wuta wajen ƙarfe tara muka sake azawa. Aka ji ƙas-ƙas ɗin allura, kalangu ya shigo, murya ta fito garau. Ba ta ƙara cewa komai ba har gefen ya ƙare, allura na ta zagaya tsakiya, ni kuma na kasa tashi in ɗaga.

Da ta nisa, sai ta ce in sa mata na Tubali. Na ce babu shi a faifai, sai a waya. Ta ce ko a tukunya ne in sa. Na kunna ɗaya daga cikin marasa sunan nan. Ba a yi minti ɗaya ba ta ɗaga hannu in tsayar, ta faɗi wanda aka yi wa waƙar, ta ce tana yarinya takan ji kotson nan daga ƙofar fada daren Salla in sun je Isa wajen gwaggonta. Na ci gaba, ta sake tsayar da ni: wannan da aka ambata gidansu na kusa da kasuwa, jikarsa ma ta auri wani ɗan uwanmu. Na jawo littafin da nake rubuta darasi na juya bayansa na fara rubutawa. Mun kai sha ɗaya da rabi a kan waƙa guda, cajina ya mutu.

Yanzu duk Juma'a bayan la'asar can nake. Mun gama biyar, saura tara. Takardun ina ninke su in zura cikin kwalin nan da ta mayar da faifansa murfin fura, daidai suka shige. Makon jiya ta ce in zo da wuri, akwai wani tsoho ɗan Badarawa da ya sauka a layinsu, ta aika a gaya masa.